Shirun da Mama Keziya Ta Riƙe

Rediyon motata ne ya kai ni wurin Japheth Sati. Ban daɗe da dawowa daga karatun likitan dabbobi a Hungary ba, na kama aiki a Shika, aka ce in je unguwar PZ, akwai wani saurayi mai gyara da ba abin da ke gagararsa. Na same shi a ɗan shagonsa ya sunkuya yana liƙa waya da dalma, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne. Italiyanci ne.

A can inda na yi karatu, ɗalibai kan sayi tikitin tsayuwa su shiga gidan opera, wato wasan kwaikwayon da ake yin sa da waƙa daga farko har ƙarshe, ba makirufo, ƙirjin mutum kaɗai ke cika zaure. Ban taɓa zaton zan ji irin wannan a Sabon Gari ba, tsakanin ƙarar janareta da hon ɗin 'yan acaɓa.

"Ina ka koyi wannan?" na tambaye shi.

"A Samaru, yallaɓai, wurin Baba Akinola." Ya yi dariya. "Da rana ina gyara wa mutane lasifika, da yamma ina koyon yadda zan yi ba ita."

A barikin Basawa aka haife shi. Mahaifinsa, marigayi Sati, mai busa ƙahon bigila ne a badujalar soja. Mahaifiyarsa, Mama Keziya, tana sayar da doya a kasuwar Sabon Gari, kuma ita ke ɗaga waƙa a zumuntar mata ta majami'arsu. Da muryar Japheth ta fashe, 'yan kwaya, wato mawaƙan majami'a, suka rasa inda za su sa shi. Ta fi ta masu siririyar murya kauri, ba ta kuma kai ta masu gurnani ba, sai aka yi ta tura shi daga layi zuwa layi. Baba Akinola, tsohon malamin kiɗa da ya yi ritaya da tsohon fiyanonsa, shi ya ji shi a wani biki, ya ce wannan murya tana da suna, bariton ake ce mata. Shekaru ya yi yana koya masa numfashi kafin ya bar shi ya rera waƙa guda cikakkiya.

Lokacin da muka saba, Japheth na da buri ɗaya. Wata makaranta a Afirka ta Kudu tana ɗaukar matasan mawaƙa horon shekara guda. Sharaɗinta bidiyo ne: waƙa ɗaya, ɗauka ɗaya, ba yanka, ba wata murya sai tasa da fiyano, kafin ƙarshen wata. Ni aka ba riƙon wayar ɗaukar bidiyon.

Mun fara gwadawa a majami'arsu ran Talata, ba kowa. Muryar ta fito daidai amma ba rai.

"Kai, ɗana, kamar mai sallama a kango," in ji Baba Akinola.

"Baba, ban saba yi wa benci waƙa ba."

Gaskiyarsa. Tun yana goye, bai taɓa jin waƙa ba sai a cikin mutane. Don haka aka roƙi matan zumunta su zauna masa ran Alhamis, bayan gwajin waƙarsu. Suka cika bencin gaba, cikin ankonsu, da tulun kiɗa da caki a cinya.

"Iyayena, don Allah ku saurara kawai," ya ce.

"To, Fada, mun ji," in ji Mama Clementina, wadda duk unguwa ta san guɗarta, tana tsokanarsa da sunan limamin majami'a. Aka yi dariya.

Ya fara. Ban taɓa jin sa haka ba. Muryar ta buɗe, ta kai har ƙofar baya. Amma kusa da ƙarshen waƙar akwai wurin da mawaƙi zai yi kira da ƙarfi, sannan shi da fiyano su yi tsit na ɗan lokaci kafin baitin ƙarshe. Japheth ya yi kiran, ya tsaya, hannunsa a miƙe.

Sai muryar Mama Keziya ta tashi, ta ɗauki karin da ya ajiye daidai, ta sa masa Hausa: "Ga mu nan, ɗana, ga mu nan!" Mata suka amsa, tulu ya shiga, Mama Clementina ta rangaɗa guɗa. Baba Akinola ya ɗaga hannuwansa daga fiyano ya ɗora a ka.

"Mama, kin ɓata mini!" in ji Japheth.

"Na ɓata?" Ta miƙe. "Ɗana ya yi kira a gaban jama'a, ya miƙa hannu, in zauna ina kallonsa? A garinmu, wadda ta ɗaga waƙa aka ƙi amsa mata, to gaba ake yi da ita. Da wa kake gaba a nan?"

Ta ɗauki tulunta ta fita, sauran suka bi ta.

Alhamis ɗaya ta rage kafin wa'adi. A gida, sai dai Mama Keziya ta ajiye masa tuwo ta juya. Baba Akinola ya kalli bidiyon da ya lalace, ya ce har zuwa wurin shirun Japheth bai taɓa waƙa mai kyan wannan ba. Ke nan ba zai iya ba in babu matan nan, ba zai kuma iya da amshinsu ba.

Ran Asabar na raka shi kasuwa. Ya durƙusa a gefen tulin doyar mahaifiyarsa ya gaishe ta, ya ba ta haƙuri. Sannan ya yi abin da ba wanda ya tuna a cikinmu: ya fassara mata waƙar. Wani uba ne, ɗansa ya tafi yaƙi bai dawo ba. Ya tsaya a ƙofar gida yana kiran sunansa, ya yi shiru ko zai ji amsa.

Mama Keziya ta daɗe tana kakkaɓe ƙasa daga jikin doya guda.

"Ashe ba mai amsawa," ta ce. "A bariki na ga matan da suka yi irin wannan kira." Sai ta harare shi. "Me ya hana ka faɗa tun farko? Ka tsaya kana mana yaren da ko uban da ya haife ka bai ji ba."

Ran Alhamis ita da kanta ta karɓe tulu da caki ta kai waje. Ta ba matan labarin uban, ta zauna kusa da Mama Clementina ta kama hannunta.

"Ke, in kika buɗe baki, ni da ke ne."

Da aka zo wurin kiran, na saci kallonta. Ta cusa bakin ɗankwalinta a baki ta cije, hawaye na zuba. Ba abin da ake ji sai tattabaru a kan kwano. Japheth ya ja numfashi, ya sauke baitin ƙarshe a hankali. Fiyano ya mutu, amma ba wadda ta motsa. Duk ni suke kallo. Na sauke waya.

"Likita, an gama?" in ji Mama Keziya.

Na ɗaga kai. Guɗar da ta biyo baya ta kori tattabarun.

An ɗauke shi. Ya yi shekararsa ya dawo da ƙiba da sababbin waƙoƙi. Bai zama shahararre ba. Akan kira shi Legas ko Abuja jefi-jefi, yana waƙa a bukukuwa, yana koyar da yara a kan fiyanon Baba Akinola, shagon PZ kuma yana nan a buɗe. Ya ce hakan ya ishe shi a yanzu, don muryar bariton ba ta nuna da wuri.

In ya yi taro a gida, sau biyu yake rera waƙar uban nan. Na farko a yi tsit. Na biyu a shigo da tulu. Na tambayi Mama Keziya wanne ya fi.

"Na farkon na makaranta ne," ta ce, tana zaɓar mini doya. "A na biyun, ai tsohon nan ba ya komawa ɗaki shi kaɗai."