Ranar da na riƙe hannun shef

Shekarun baya ne, cikin shekarun nan na fari, lokacin da damina takan yi mana ruwa kaɗan ta ɗauke ƙafa. Ina aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, na agaji a Damagaram, wai ni ne mai kula da na'urori. Gaskiyar magana, wata rana ce na ciro takardar da ta maƙale a injin buga takardu, daga nan duk abin da ke da waya a jikinsa ya zama nawa.

Aikinmu shi ne mu tattara bayanin ƙauyukan da rumbunansu suka ƙare mu aika Yamai, don can ake raba hatsin da ya samu. Ba sa karɓa ta tarho, ba sa karɓa a takarda. Sai ta VPN, wata keɓantacciyar hanya ta intanet tsakaninmu da babban biro. Hanyar kuma ba ta buɗewa sai an soka wani ɗan makulli kamar yatsa a gefen kwamfuta, mu muna ce masa kile, sannan a buga kod. Kilen yana wurin shugabanmu, wani dattijo da kowa ke kira shef, cikin 'yar jakar fata da ya sa aka ɗinka masa a Birni. Kod ɗin ma shi kaɗai ya san shi. In aka yi kuskure sau uku kilen ya kulle, sai an sa shi a mota an kai Yamai.

A makon nan aka dawo mana da kwamfutar daga Yamai, wai an gyara ta. Da can sai ta gama tashi tukuna muke shiga VPN. Yanzu da an kunna ta sai baƙin allo ya fito, da sunan biro a sama, yana neman kod tun kafin komai ya buɗe.

Ranar da za mu fara gwada ta ita ce ranar ƙarshe ta aika bayanin ɓangaren Zermu, kuma ƙauyen mahaifina yana ciki. Gwaggona ta zo daga can da sassafe, ta zauna gindin dogonyaro a tsakar biro. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta ce dai sun koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da ake ci lokacin yunwa, kuma ta ji an ce ina aiki inda ake rabon gero.

Shef ya soka kile, ya buga kod. Allon ya ce kuskure. Ya goge gilashinsa, ya sake bugawa a hankali. Kuskure.

Ya ɗaga hannu zai sake, na ce, "Shef, don Allah dakata. Saura ɗaya."

"Yaro, kod ɗin nan na fi sanin shi da lambar gidana."

Na kira abokina da ke sashen na'urori a Yamai. Ya ce in sauya ramin da muke soka kilen, na sauya. Ya ce in kashe in kunna, na yi. Ana cikin haka wuta ta ɗauke, muka jira aka tayar da injin wuta, zafi kamar a tanda. Da na sake samunsa ya ce, "Wallahi a nan ta yi aiki lafiya lau. Ko tsohon ya manta ne?" Ban isar da wannan saƙon ba.

Azahar ta wuce. Na gaji, na ji haushin Yamai, na ji haushin kaina, kuma duk lokacin da na ɗaga kai ina hango gwaggo ta taga. Don rashin abin yi na kai hannu layin sunan biro, inda ake ganin abin da aka buga, na danna A. Sai Q ya fito.

Na tsaya. Madannan kwamfutarmu irin na Faransa ne, waɗanda muka koya tun muna makaranta. A irinsu, in kana son lamba sai ka danne maɓallin manyan haruffa da hagu, ka buga da dama. Na yi hakan, sai wasu alamomi suka fito maimakon lambobi. Na saki maɓallin na buga, lambobi suka fito tsaf. Ashe a baƙin allon nan, kafin kwamfutar ta gama tashi, ɗauka take madannanmu na Ingilishi ne. Shef bai manta komai ba, hannunsa na hagu ne ke ɓata masa kod.

Na mayar da sunan biro yadda yake, na yi masa bayani. Ya gwada a kan tebur, ba a kan madannan ba, sai ga ɗan yatsan hagu ya sauka da kansa. Ya sake, ya sake sauka. Shekara da shekaru yana buga lamba haka.

Na ce, "Ko ka faɗa mini ni in buga?"

"Amana ce, ba a faɗa." Sai ya miƙo mini hannun hagun. "Riƙe shi. Ka juya fuska."

Haka na tsaya riƙe da hannun sa'an mahaifina, fuskata na kallon bango, ina jin hannun yana ɗan fizga da kowace lamba. Kunya ta kama ni, tsoro ma ya kama ni. Sai na ji ya ce, "Alhamdulillahi."

Muka aika kafin la'asar. Ban yi murna ba, zama kawai na yi. Da na fita gwaggo ta ce, "Ka faɗa musu?" Na ce na faɗa. Ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka," ta tashi ta nufi tasha.

Motar geron ta isa ƙauyen daga baya. Bai ishe su ba, amma ya riƙe su. Har yau in na tuna, gajiya nake ji da ɗan ɓacin rai, cewa abincin gari guda ya rataya a kan yatsan dattijo ɗaya saboda wani a Yamai bai kalli madannanmu ba.

Bayan rabon, wani mai mota ya kawo mini ƙullin tsumma har biro. Tiya ɗaya ce ta gero, daga cikin kason gwaggo. Ashe ta gaya wa mutanen gari ɗanta ne ya yi magana da manya a Yamai. Na ce ya mayar mata, ni ina da albashi.

Ya ce, "Ta san haka za ka ce. Ta ce in ka mayar, kada ka ƙara kiranta gwaggo."

Na karɓa. Matata ta dama kunu da shi, na sha, ina sane da abincin kwana nawa ne a gidanta.