Yadda Na Jawo wa Ƙanwata Ciwon Ido da Fil ɗin Hijabi

Lokacin da abin nan ya faru ina budurwa a gidanmu a Daura, shekarun da aka fara shari'a, 'yan mata da yawa sun koma hijabi da niƙabi. Ni kuwa irin mutanen nan ce masu ganin sun san komai. Da na hango baƙaƙen ɗigo-ɗigon da maiƙo ke tarawa a hancin mutum, hannuna ƙaiƙayi yake sai na matse. Ƙawayena suna tsokanata wai likitar fuska, ni kuma sai kaina ya fashe.

Ƙanwata mai bi mini fuskarta akwai maiƙo, ga shi saura mako guda walimar saukarta ta Alƙur'ani. Ta ce wankewa da sabulu ya ishe ta, na ce haka za ta zauna gaban mata da hanci kamar an barbaɗa gawayi? Na ja ta bayan ɗaki, na zare fil ɗin hijabina, ko gogewa ban yi ba, na dinga tsira shi a gefen hancinta ina matsewa da farce. Tana hawaye tana cewa Yaya ya isa, ina ce mata ta daure. Da na gama na jiƙa kanwa da lemon tsami na shafa, wai don ramukan su rufe.

Washegari wurin ya yi ja, ya ɗau zafi. Tsoron faɗan Inna ya kama ni, sai na ce ta sa niƙabi ko a cikin gida, in an tambaya ta ce sabawa take kafin walima. Inna har albarka ta sa mata. Kwana uku tana cin abinci a ɗaki, ina ɗaga ƙyallen ina leƙawa, kullum kumburin hawa yake yana nufar ido. Ina gasa mata da tsumma, ina roƙonta ta rufa mini asiri. Rana ta huɗu tana tilawa gaban malamarsu ta Islamiyya, zazzaɓi ya kayar da ita. Da aka cire niƙabin, idonta na hagu ya rufe ruf, fatar tana ƙyalli.

A asibiti likita ya tambayi abin da ya taɓa wurin, ta ƙi faɗa don kada ta tona ni. Ya ce sai ya sani kafin ya san maganin da zai ba ta, domin ciwon gefen hanci yana bi ta ciki ya kama ido. Sai na faɗi komai a gaban Inna. Ba ta zage ni ba, tambayata kawai ta yi ko faɗanta ya fi idon 'yar'uwata nauyi a wurina.

Aka yi walima tana kwance. Idon ya buɗe, amma har yau dishi-dishi take gani da shi, in za ta yi karatu sai ta karkatar da kai. Ba ta taɓa yi mini gori ba, kuma wallahi da ta yi, da na fi samun sauƙi a zuciyata.

'Yan'uwana mata, ku bar fuska da ruwa mai tsabta da sabulu mai laushi, kada ku kai mata allura ko farce ko kanwa. In abin ya dame ku, ku je wa masu ilimin fata. In kuma hannunku ya riga ya yi ɓarna, ku faɗa a ranar, ko da za a dake ku. Raunin da na yi mata ƙarami ne, kwana ukun da na ɓoye su suka ci idon.