Tofin Baba da Gwajin Jinin Kokomlemle

Har yau in trotro, motar hayarmu, ta bi da ni ta unguwar Kokomlemle sai na kau da kai. Akwai wani bene a bakin titi, yanzu kayan gini ake sayarwa a ƙasansa. A farkon shekarun casa'in ɗakin gwajin jini ne, kuma a nan aka wanke surukina tas daga cutar da ke cin ƙirjinsa.

Surukina malami ne a Maamobi, Baba muke ce masa gida da waje. Ba irin malaman lasifika ba ne, shi na tofi ne. Yaro ya tashi da zazzaɓi, ko ya firgita, ko ya ƙi nono, da sassafe uwarsa za ta saɓo shi. Baba ya ɗora shi a cinya, ya karanta abin da zai karanta, ya tofa masa a ka da fuska da tafin hannu. Dagombawa na kawowa, Zabarmawa na kawowa, har matan ƙabilar Ga masu kifi da ba sa salla.

Ni kuwa ina da 'yar fari, ba ta kai shekara ba. Kun san 'yar fari, uwa ba ta kiran sunanta, ba ta nuna ta damu da ita a gaban mutane. Ta kakanta ce. Baba amaryata yake ce mata. Kullum in ya dawo daga sallar asuba sai a kai masa ita ɗakinsa, ɗan mitsitsin ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta. Ya tura ƙofa, ya yi mata tofi ko lafiyarta ƙalau, ya zauna yana yi mata tsiya wai ba ta iya girki ba.

Da tari ya kama shi kowa ya ce ƙurar titi ce. Amma ni ke masa wanki. Ni na ga rigar barcinsa sharkaf da gumi, ni na ga ɗigon jini a hankicinsa. Goggona tarin fuka ne ya kashe ta a Nima, a gabana ta ƙare, na san kamanninsa. Na sami mijina, wanda ke kamasho a tashar Tudu, na ce, "Maigida, don Allah a kai Baba asibiti. Kafin nan a daina rufe shi da yarinyar nan a ɗaki."

Ya kai shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. A asibitin gwamnati wata 'yar nas, wadda a haife ya yi jika da ita, ta miƙa wa Baba ɗan gwangwani, ta ce ya yi tari ya zuba kaki a ciki, gobe da safe ma ya kawo wani. Baba ya dawo gida yana huci. "Ni?" in ji shi. "Bakin da nake karatu da shi, in tara ƙazanta a gwangwani in miƙa wa yarinya? A ɗauke ni a trotro da kakina a aljihu? Allah ya kiyaye!"

Sai wani direba a tasha ya ba mijina labarin Kokomlemle. Wai sabon gwaji ne daga Turai, ba kaki, ba hoton ƙirji, jini kawai za a ɗiba. Mu a Zongo a lokacin abin da ya taɓa jini shi ne magani na gaske. Allura ta fi ƙwaya, ƙarin jini ya fi ƙarin ruwa, to ina kaki zai kama ƙafar jini? Kuma mutum ya miƙa hannu da mutuncinsa, da babbar rigarsa. Baba ya je da murnarsa.

Suka dawo da la'asar, mijina na washe baki tun daga bakin lungu. An ce jinin Baba fes yake, ba alamar tarin fuka. Aka soya masa aka raba sadaka. Ni kuwa na zama abin nuni a gida. Matan gidan haya suka riƙa yi mini habaici a bakin famfo, wai akwai masu ɗinka wa surukansu likkafani tun suna numfashi. Mijina ya ce, "Kin ji ko? Injin Bature ya ce babu. Ke kin fi inji ne?"

Na ce, "Injin ne ke wanke hankicin?"

Ranar ya kusa mari na.

Ban haƙura ba. Na koma goya yarinyar tun da duhu in tafi layin ruwa, ko in ce barci take yi. Ina! Sai ka ji muryar Baba daga ɗaki, tari na katse ta: "Ina amaryata? Yaji ta yi mini?" Mijina ya zo ya kwance ta daga bayana da hannunsa. In tsaya a tsakar gida da zane a hannu, ina jin tari, ina jin tofi, ina jin dariyarta ta bayan ƙofa. Wallahi da na san inda zan gudu da ita da na gudu. Amma uwar 'yar fari ta ce tana tsoron kakan 'yarta? Ko uwata da na kai wa kuka cewa ta yi in rufe bakina.

Yarinyar ba ta yi tari ba, shi ya sa ba wanda ya haɗa ciwonta da na Baba. Nono ta fara ƙi, sai amai, sai kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Maɗigarta ta kumbura, wuyanta ya sanƙare. Baba ya ƙara tofi, safe da yamma, yana hawaye. Da ta fara shiɗewa na ɗauke ta ban tambayi kowa ba, na tari tasi zuwa babban asibiti. Mijina ya biyo ni daga tasha.

A asibitin aka ɗebi ruwa a bayanta. Likitar mace ce, 'yar Kumasi, tana jin Hausar bariki. Ta dube mu ta ce, "Wane ne yana tari a gidanku?"

Mijina ya yi caraf ya ce, "Ba kowa. Tsohona ne, amma an gwada jininsa, babu komai."

Ta ajiye biro. Sannan ta yi mana bayani a hankali. Gwajin nan ba ƙwayar cutar yake nema ba, sawun faɗan da jiki ya yi da ita yake nema a jini. Wani ya haɗu da ƙwayar tun yana yaro, ta kwanta a jikinsa ba ta yi masa komai ba, gwajin ya ce yana da ciwo. Wani kuma ciwon na cinsa, yana feso wa mutane, gwajin ya ce lafiya lau. Ta ce a huhu cutar take, a kaki ake ganinta. Ta ce ƙwayar ta shiga kan yarinyar, kuma mun makara.

Aka kawo Baba. Wannan karon wani dattijon ma'aikaci ne ya ja shi bayan gini, ba mace a wurin, ya yi tarin ya bayar ba gardama. Abin da aka yi wata da watanni ana kauce wa ke nan. Kakin cike yake da ƙwayar.

Yarinyata ta rasu a asibitin, a hannuna. Ko a lokacin wata tsohuwa sai da ta raɗa mini in yi kukan a hankali, 'yar fari ce.

Baba ya warke. Ya sha allurai, ya sha ƙwayoyi, ni na dafa masa hanta da miyar ganye har kumatunsa suka dawo. Mijina ya durƙusa a gabana, karo na farko kuma na ƙarshe, ya ce, "Don girman Allah kada ya sani. In ya sani zuciyarsa za ta buga." Aka ce wa Baba zazzaɓi ne ya hau mata ka. Benen Kokomlemle kuwa ya ci gaba da ɗibar jinin mutane shekara da shekaru, ba wanda ya je ya ce musu kanzil.

Baba ya daɗe a duniya bayan haka. Yana sona, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Duk sanda ya ga na yi shiru a bakin murhu sai ya kira ni, ya ce, "'Yata, ki yi haƙuri. Amaryata kwananta ne ya ƙare. Ke shaida ce, ban taɓa tsallake mata tofi ko na safiya ɗaya ba."

Ni kuma in durƙusa, in sunkuyar da kai, in ce, "Haka ne, Baba. Allah ya saka da alheri."