Cocilan a Kasuwar Rogo

Ni dai kunnena ne ya hana ni sakat tun ina ƙarami. Wani in ya tauna tsakuwa a shinkafa, tofarwa zai yi ya ci gaba da cin abincinsa. Ni kuwa in mutum ya ce mudubi maimakon madubi, tsakuwar nan yini take a haƙorina.

Ba wani karatu na yi ba, kar a ce shi ne. Ina aji biyu a sakandare na tattara na dawo gida Ƙaraye, don benci ba ya riƙe ni. Na shiga ɗinki, na gudu. Na koma facin keke, na gudu. Gonar gyaɗar babanmu da ke hanyar Kafin Dafga kuwa, sai an tsaya a kaina nake gama kunya ɗaya. Abin da kawai ke zaunar da ni shi ne rediyo. In masu karanta labarai suka fara, kowace kalma sai ta fito a wanke, ba a cinye mata kai ba, ba a juya mata ciki ba. Sai a kashe rediyon, in ji innata tana cewa a garwaya garin da kyau, gobe za ta asubiti. In ce, "Inna, asibiti." Ta ce, "To can ɗin dai, uban iyayi."

Kawuna, ƙanin innar, ɗan koli ne. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake cin kasuwannin ƙauye da ita, Ƙaraye, Rogo, Beli, har Kwanyawa in hanya ta yi kyau. A saman motar ya ɗaure lasifika, wayarta na maƙale da batirin mota. Da tari ya cinye masa murya, sai ya ce wa inna, "Ba ni ɗan naki mai surutun nan, ko bakinsa ya yi amfani."

Ranar da na fara riƙe abin maganar nan na ji muryata ta tsallake rumfunan hatsi ta kai har wajen 'yan awaki, na san na samu abin da ba zan guje wa ba. Tunda nake ban taɓa son wani aiki ba sai shi. Ba gidan rediyo ba ne, na sani. Amma ya ishe ni.

Sai dai Kawu yana da tsarinsa na ciniki, kuma da shi ya yi suna. Duk wanda ya zo sayayya, sai a shela shi a lasifika. "Ga baba ya zo sayen kaza, Allah ya sa albarka!" Mai saye ya ji daɗi an san da zuwansa, na nesa su ji ana ciniki su matso. Kuma abin da mutum ya kira kayan, shi za ka maimaita, yadda ya faɗa. Nan ne ni da aikin muka fara samun matsala. Don kusan ba wanda ke kiran kayanmu daidai. Tocilan ta zama cocilan. Almakashi ya zama alkamashi. Batir, baturi. Kwalba, kwalaba. Matan ruga in sun sayar da nono suka biyo, asana suke nema, ba ashana ba. Su ban cika jin zafinsu ba, da wani harshen suka tashi, kuma ni ko gaisuwa ban iya da nasu ba. Waɗanda ke gajiyar da ni su ne namu, da aka haifa cikin Hausa, kalma tana zaune lafiya su kama ta su murɗe.

Ni dai sai na riƙa faɗar daidai. Na ɗauka ba wanda zai kula.

A kasuwar Beli wani dattijo ya zo da abokinsa, suka yi sallama, muka gaisa har da tambayar iyali da damina. Ya ce a ba shi alkamashi. Na ɗaga murya na ce, "Ga baba ya zo sayen almakashi, Allah ya sa albarka!"

Abokin ya kwashe da dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Ka ji ko? Da furfurarka yau an sa ka a aji ɗaya. Maimaita mana, malam yana jira."

"Rufe mini baki, kai da ko sunan jikanka ba ka iya faɗa ba," in ji dattijon. Yana dariya shi ma, amma ya ajiye almakashin a kan tabarma a hankali. Ya dube ni ya ce, "Yaro, a gaida mutan gida." Suka wuce rumfar gaba.

Sai da muke loda kaya a mota Kawu ya yi magana. "Ɗan nan, mutum ya zo da girmansa, ka sa shi a lasifika ka gyara masa baki kasuwa na ji?"

"Kawu, ai sunan abin na faɗa."

"Na san sunansa tun ba a haife ka ba. In ba za ka iya faɗa yadda suke faɗa ba, sauke mini kaya kawai za ka riƙa yi, in nemo mai magana."

Na so in yi, wallahi na so. A bayan gida na gwada, ni kaɗai. Co. Coci. Sai in ji kamar an ce in sa riga a bai-bai in shiga masallacin Juma'a.

Sai na ɓullo da dabara. Na daina kiran sunan komai. In an zo sayen tocilan, in ce, "Ga yaya ya zo sayen mai kore duhu!" Madubi ya zama mai faɗa maka gaskiya, almakashi ya zama abokin tela. Mutane suka riƙa dariya, ni ma na ɗan samu sauƙi. Amma lasifika don na nesa aka yi ta, kuma na nesa ba ya ganin abin da ke hannunka. Wata tsohuwa ta ratso kasuwa tun daga wajen masu daddawa, wai ta ji muna da maganin aljanu mai kore duhu. Wani ya zo neman malamin duba. Kawu yana ta ba da haƙuri da ragowar muryarsa, yana harara ta.

A Rogo abin ya ƙare. Kasuwa ta cika, lokacin kaka ne, kowa ya sayar da gyaɗa yana neman abin kai wa gida. Wani magidanci ya ce a ba shi cocilan da baturi. Na buɗe baki na fara, "Ga mai gida ya zo sayen mai..." sai na ji muryata ta mutu. Kawu ne ya zare wayar daga batir. Ya naɗe ta a hannu, ya sa a aljihu.

"Zauna," ya ce. "Ka huta."

Na zauna a gefen tabarma. Rana ta dake ni, ƙudaje suka dame ni. Ba lasifika, Kawu ya koma kira da baki, muryar na fita kamar ana jan buhu a ƙasa, in ya yi kira biyu sai tari ya turnuƙe shi. Mutane na wucewa ba su ma san muna wurin ba. Can ƙasan layi wani ɗan kolin da ko motar kansa ba shi da ita yana ta ihun mudubi, mudubi, mata sun yanyame shi. Na zauna ina saurare, kowace kalma tana faɗo mini a ka, har na gaji da jin haushin ma. Na duba kasuwar nan daga wannan ƙarshe zuwa wancan, na ga ba mutum ɗaya da abin ya dama sai ni. Na tuna keken ɗinki, na tuna kunyoyin gyaɗa. Ba inda ya rage in gudu in je.

Da muka dawo daga sallar la'asar, na tsuguna gabansa na miƙa hannu. Ya ciro wayar ya ba ni, na maƙala da kaina.

Wani saurayi ne ya fara zuwa, ya ce, "Akwai cocilan?"

Na ɗauki abin maganar. Na ce, "Ga ɗan'uwa ya zo sayen cocilan, Allah ya sa albarka!"

Kalmar ta tashi ta bi saman rumfuna da muryata, ƙarara, kowa na ji. Na tsaya ina jiran wani abu, ban san mene ne ba. Ba wanda ya ko ɗago kai. Saurayin ya kunna ta a tafin hannunsa ya ga tana kawo wuta, ya biya, ya tafi. Wata mata ta matso tana tambayar alura, na faɗa yadda ta faɗa. Bayanta mai kwalabar turare. Na yi ta faɗa har kasuwa ta watse.

Lasifikar ta zama tawa, na daɗe ina riƙe da ita, har motar ta mutu aka sayar. Bakina ya saba. Kunnen ne bai taɓa sabawa ba, kuma yanzu da muryata yake ji.

Ranar ta Rogo dai, a hanyar komawa Kawu ya tsaya ya sayi rake, ya karya ya miƙo mini rabi ta taga, don a baya nake zaune kan kaya. Ya ce, "Ka yi ƙoƙari yau." Na ce, "To, Kawu." Ban iya sha ba, muƙamuƙina ya gaji. Na riƙe shi a cinya har Ƙaraye.