Kakar da Idon Gwaggo Riskuwa Ya Buɗe

Gwaggo Riskuwa ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, bayan rasuwar mahaifiyata. Sau uku tana haihuwa suna komawa, don haka ni kaɗai na tashi a ɗakinta. A Argungu take, a wani gidan ƙasa da ke gangaren gulbi, ita da mijinta Baba Maigandi, wanda ya yi sana'ar su, wato kamun kifi, har ƙarfinsa ya ja baya, sannan ya koma noman shinkafa da albasa a fadama.

Sana'arta gumi. Takan jiƙa shinkafa da ɓawonta a rabin duro, washegari ta turara ta a kan wutar itace, ta shanya a tsakar gida, a kai inji a ɓare. Daga nan sai ta baje ƙafa a gindin darbejiya da faifai a cinya, tana tsinta. A wannan tsinta ta yi suna. Matan unguwa kan ce shinkafar Riskuwa ko jinjiri aka ba ba zai ji tsakuwa ba. Ga shi kuma ta iya girki, duk wani suna ko biki a layinmu ita ake ɗora wa tukunyar tuwo. Amma girkin da ta fi ji da shi na Maulidi ne. Tun kafin in yi wayo, kowace shekara takan tuƙa tuwon shinkafa da miyar sure, wato yakuwa, da bandar kifi, a kai wa masu karatu a masallacin unguwa, saura a raba wa maƙwabta.

Na yi aure na koma Birnin Kebbi, unguwar Nasarawa, inda nake koyarwa a wata firamare. Ina zuwa gida lokacin hutu, amma kwana biyu ko uku ne, ban taɓa lura da wani abu ba. Gwaggo tana shiga madafa ta fito, tana ɗauko gishiri da daddawa ba ta lalube. Ashe shekara uku ke nan yanar ido na rufe mata gani a hankali, ta san gidanta ne kawai kamar tafin hannunta.

Wani hutun ƙarshen damina na zo da 'yata Humaira, lokacin tana shekara uku. Da hantsi na fito daga ɗaki sai na ga abin da ban taɓa gani ba: Baba Maigandi zaune bayan rumbu, faifai a cinya, yana tsintar shinkafa da manyan yatsunsa da igiyar komar kamun kifi ta cinye. Yana ganina ya ja hula ya rufe goshi kamar wanda aka kama yana satar nama a miya.

Na ce, "Baba, lafiya? Kai da tsinta?"

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sakinatu, gwaggonki ba ta gani. In ta tsince ta aje, sai in ɗauka in sake, ba ta sani ba. Ban so wani ya tauna tsakuwa a ce daga hannunta ta hito."

"Tun yaushe?"

"Kaka ukku ke nan."

Na shiga wurin Gwaggo na zauna kusa da ita, na dubi idanunta da kyau a hasken ƙofa. Ƙwayar ta yi fari-fari kamar an ɗiga nono a ruwa. Na ce mata na sani. Ba ta musa ba, sai ta ce, "Tsufa na, ɗiyata. Wanda ya ba ka abu in ya karɓa, mi za ka ce mishi?"

Na ce ana aikin yanar ido a Birnin Kebbi, kuma na san mutane da dama da aka yi musu suka warke. Ta ce ita ba za a sa mata wuƙa a ido ba, wannan ɗan dishi-dishin da ya rage ya ishe ta gane rana da inuwa. Na yi lallashi, Baba ya yi, ta ƙi. Kwana biyu muna abu ɗaya, har na haƙura na fara haɗa kaya.

Ranar da za mu koma, ta kira Humaira ta ɗora ta a cinya, tana shafa fuskarta da tafin hannu, goshi, hanci, haɓa. Ta tambayi Baba, "Malam, wa yarinyar ga ta ɗauko?"

Baba ya daɗe yana kallon yarinyar, sannan ya ce, "Innarki ta. Har wushiryar."

Gwaggo ta sake shafa fuskar yarinyar. Mahaifiyarta ta rasu shekara arba'in da suka wuce, ko hotonta babu. Can ta sauke Humaira, ta miƙe, ta ce da ni, "Ɗauko mini mayahina da takalmi. In Allah ya ƙaddara makanta, ai ba likita ba na zai kawo ta."

A mota har muka iso Birni tasbaha kawai take ja. Aka duba ta a asibiti, aka ba mu rana, aka ce idon dama za a fara yi. Ranar aikin ta riƙe hannuna har sai da na ji zafi. Bai kai awa ɗaya ba aka fito da ita da bandeji a rabin fuska, tana cewa, "Shi ke nan? Ni ina jiran su hwara."

Washegari da safe muka koma a cire bandejin. Na tafi da Humaira. Wata ma'aikaciyar jinya ta ɓare filastar a hankali, ta goge mata idon, ta ce ta buɗe. Gwaggo ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, hawaye na zuba. Abin da ta fara gani ni ce. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sakinatu, yaushe kika yi wagga ƙiba?" Duk ɗakin aka kwashe da dariya, har da wani tsoho da ke jiran a buɗe nasa.

Sai ta juya ta ga Humaira laɓe a bayan zanena. Ta miƙa hannu, yarinyar ta matso tana murmushi. Gwaggo ta kama kafaɗunta, ta ƙura wa wushiryarta ido. "Alhamdu lillahi" kawai take maimaitawa, a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashi mai barci.

Likita ya kafa mata doka: ban da hayaƙi, ban da sunkuyo, ban da ɗaukar nauyi har sati shida, ga baƙin tabarau, ga maganin ɗigawa. Ta ce, "Likita, Maulidi saura kwana goma sha biyu." Ya ce, "Mama, bana a dafa miki."

Kwana goma ta yi a gidana, kuma ban taɓa shan faɗa irin na kwanakin nan ba. Ta ga yanar gizo a kusurwar falo, ta ga bayan tukwanena, ta ga tuwona da gudaji. Amma da la'asar takan ja kujera bakin ƙofa ta zauna tana kallon layi: mai rake, mata masu dawowa daga Islamiyya, awaki, launin atamfofi. Ta ce ta manta cewa kore iri-iri ne.

Ana jibi Maulidi aka ba mu hutu, muka kama hanyar Argungu. Na roƙi direba ya bar mata gefen taga. Kaka ta shigo sosai, an yanke gero, dammuna jingine a gonaki, amalanke na jigila. Da muka kai Zauro fadama ta buɗe, shinkafa ta sunkuyar da kai, wata ta yi ruwan zinari, wata da sauran kore, belbelu fari fat suna tashi suna sauka. Gwaggo ta ɗaga tabarau ta leƙa ta ƙasansa, na ce ta mayar, ta buge mini hannu.

"Direba, don Allah rage gudu kaɗan," in ji ta. "Kaka ukku ina jin ƙamshin abin ga ban gan shi ba."

Direban ya waiwayo ya dube ta, ya rage. Babu fasinja ɗaya da ya yi ƙorafi. Wani magidanci a gaba ma shi ya riƙa nuna mata: ga inda ruwa ya tsaya bana, ga masu gyaran wurin albasa, ga kwalekwale can.

Baba Maigandi yana tsaye a ƙofar gida da farar rigarsa ta Juma'a, ko da yake ranar Alhamis ce. Gwaggo ta sauko ta tsaya tana kallonsa.

"Malam, gemunka ya yi hwari tas."

"Ai kin bar shi ba mai tsaro," in ji shi, ya karɓi jakarta ya yi gaba da sauri don kada mu ga fuskarsa.

Ranar Maulidi, tun da sassafe matan layi suka cika gidan, ba wanda ya kira su. Wannan ta zo da itace, wannan da sure ɗanye daga bayan gidanta, wannan da man shanu a kwalba. Baba ya kawo tarwaɗar da ya banda da kansa, ya kuma fito da shinkafar farko da ya yanka a gefen gonarsa. Aka kafa murhu uku a can ƙarshen tsakar gida inda iska ke kwashe hayaƙi, aka ajiye wa Gwaggo kujera a ƙofar ɗaki. Ni aka ba muciya.

Daga inda take zaune take tafiyar da komai. "Ruwan nan bai tausa ba, ku jira." "Sakinatu, tuƙa daga gindi, ba shafa za ki yi ba." "Ku zubar da ruwan sure na hwarko, tsami shina yawa." Sau biyu tana yunƙurin tashi, sau biyu maƙwabciyarta Nana Aisha tana danna ta kan kujera. Da miya ta nuna aka kai mata a ludayi, ta ɗanɗana, ta ce a ƙara daddawa kaɗan. Aka ƙara. Ta sake ɗanɗanawa ta ce, "To, ba laihi." Wanda ya san Gwaggo ya san wannan babban yabo ne.

Kafin azahar kwanuka sun fita, na masallaci da na maƙwabta. Muka zauna mu ma muka ci, gumi na zubo mana, muryar masu karatu na shigowa ta kan katanga. Gwaggo ta ci malmala guda, ta wanke hannu, ta ce wa matan, "Shekara talatin ina dahwa wagga tukunya, ina ce ni kaɗai ka iya ɗaukar ta. Allah shi saka muku da alheri, shi ba ku masu yi muku."

Bayan wata huɗu aka yi mata idon hagu, wannan karon ita ta riƙa kwantar wa sauran tsofaffi hankali a layin asibiti. Ta koma guminta, sai dai ta rage yawa. Yanzu ta mayar da kanta 'yar rakiya: in ta ji wata tsohuwa a unguwa ta fara lalube, sai ta je har gida ta zauna mata, ba ta tashi sai an sa rana. Zuwa yau mutum biyar ta kawo, dukkansu a ɗakina suke sauka. Jiya ma ta kira ni a waya ta ce in share ɗakin baƙi, ranar Litinin tana tafe da ta shida.