Mai Lamba Huɗu Yana Jin Hausa

Akwai wata yamma a Jidda da har yau in na rufe ido nakan ji zafinta a fuskata, kuma na san ba zan manta da ita ba muddin ina numfashi. Ita ce yammar da ƙungiyar ƙwallon kulliyar su ƙanena, wato kwalejinsu, ta buga wasan ƙarshe, a kakar wasan da ba a taɓa cin su ba.

Ƙanena ɗan gaba ne, kuma su uku ne 'yan unguwarmu Nuzla a ƙungiyar, shi da abokansa biyu da suka taso a lungu ɗaya. Tun farkon kaka suka samo wata dabara. In za a yi bugun kusurwa ko na tazara, sai su shirya abinsu da Hausa, da ƙarfi, a gaban kowa. "Turo ta ƙasa." "Ina bayan dogon nan." Abokan karawa su yi ta rarraba ido, ƙwallo ta faɗa raga. Mudarrib ɗinsu, wato mai horar da su, dariya kawai yake yi, ya ce kada kowa ya fassara masa, shi dai a ci.

A gida kuwa ba dariya ake yi ba. Baba yana da shagon kayan mota a Waziriyya, kuma ƙafafunsa sun fara kumbura saboda tsayuwa. Wata rana muna cin abinci ya ce wa ƙanena, "In kun ɗauki kofin nan, na bar ka ka gwada sa'arka a ƙwallo. In ba ku ɗauka ba, halas, magana ta ƙare, sai shago." Ƙanena ya ce ya amince, ya ma ƙara loma, don bai ga ta inda za a ci su ba.

Ranar wasan, bayan la'asar aka fara. Iskar teku ta ɗauke cak, abayata ta manne mini a baya. Ni ba gwanar kallon ƙwallo ba ce, hankalina yakan bi inuwar 'yan wasa yadda take tsawo a kan ciyawa. Wataƙila shi ya sa na lura da inuwar mai lamba huɗu, ɗan bayan ɗaya ƙungiyar. Ƙanena ya ce a turo ta ƙasa, kafin a taɓa ƙwallon yaron ya riga ya tsaya a wurin. Aka sake, ya sake tarewa. Ana cikin haka aka zura mana ɗaya.

Kusa da ni a ɓangaren iyalai akwai wata tsohuwa da tun zuwana take Larabci da 'ya'yanta. Sai na ji ta ce a hankali, da Hausa tsantsa, "Yawwa ɗan albarka, ka ji su, ka tare."

Na juya. "Hajiya, jikanki ne?"

"Jikana ne, ya binti, 'yata. Mu 'yan unguwar Ammariyya ne. Bakin nan nasa bai iya komai ba, ko ruwa da Larabci yake roƙona. Amma kunnen, ni na raine shi. Ko gulmarsa na yi a ɗaka sai ya ji." Ta miƙo mini dabino. Na karɓa, na kasa kai wa baki.

Da aka tafi hutu na sauka har bakin wayar da ta kewaye filin, ni da ko a gida sai an ce in ɗaga murya. Ƙanena ya taho yana tsiyayar gumi.

"Yaya, me ya sauko da ke?"

"Mai lamba huɗu yana jin Hausa."

"Wannan? Na yi masa sannu ɗazu, kallona kawai ya yi."

"Mayarwa ce bai iya ba. Kakarsa na can kusa da ni."

Ya cije leɓe, ya kira abokansa. A gabana suka yanke cewa daga yanzu duk abin da suka faɗa, akasinsa za su yi.

Ba su sami damar gwadawa ba sai da lokaci ya kusa ƙarewa, rana ta yi ja a bayan katanga. Aka ba mu bugun kusurwa. Na hango Baba can cikin maza, ya miƙe tsaye a kan ƙafafun nan nasa, ya riƙe ƙarfe. Har yau ban san me yake roƙa a ransa ba. Abokin ƙanena ya ajiye ƙwallo, ya ce, "Ta sama, yalla!" Mai lamba huɗu ya yi tsalle, gola ya fito ya bi shi. Ƙanena ma ya yi tsalle. Ƙwallon ta taho a ƙasa, a natse, ta bi ta ƙarƙashin ƙafafunsa, ta wuce gaban ragar da babu kowa, ta fita waje.

Haka aka tashi, an ci mu ɗaya da nema. Da muka sauka daga mota a Nuzla ƙanena ya ce mini, "Na san ƙasa za ta zo, Yaya. Kunnena ne bai saba jin ƙarya da Hausa ba." Washegari tun kafin Baba ya gama karin kumallo ya miƙa hannu ya karɓi makullin shago, kuma yana can har yanzu.

Mun ɗauki Hausa kamar wani ɗaki namu mu kaɗai a garin nan, mai ƙofa a kulle, muka manta kakanni nawa suka raini jikoki da ita a unguwannin da ba namu ba. Tun ranar na daina auna mutum da abin da bakinsa ya iya faɗa. Wanda ya yi shiru a gabanka, mai yiwuwa ɗan gida ne, kuma yana jin ka sarai.