Hatsin Inna Fadimata

Wata ranar Laraba a bazarar 1984, na dawo daga lakwal, makarantar boko, da allona a hammata na tarar da Inna Fadimata tana ɗaure kayanta a zaure, ƙanena Sani ya riƙe mata zane yana tsala kuka. Ita ce mai rainonmu. Buzuwa ce daga arewacin Affala, farin da aka yi a shekarun 1970 ya cinye mata awaki, ta shigo Tawa neman abin yi. Mahaifiyata ungozoma ce a asibiti, ta ɗauke ta tun ina cikin zanen goyo.

A bayanta muka girma. Ita ke dama mana kunu da sassafe, ta yi mana wanka a gindin itacen bedi, ta tsefe mini kai tana waƙa da Buzanci. In muna 'yar carafke da yaran maƙwabta, tana gefe tana tankaɗe, idonta na kan Sani kada ya haɗiye tsakuwa. Takan ce, "Yaro ba ya ƙarya da kuka."

A shekarar nan hatsi ya yi tsadar da abin da ake biyanta ya daina ciyar da jikokinta biyu da ta baro a ƙauye. Shi ya sa za ta bi masu tafiya kudu. Babanmu ya ce albashi ba zai ɗauki ƙari ba, a nemo ƙaramar yarinya mai sauƙin biya. Mahaifiyata ta ajiye jakarta ta ce, "Malam, matar da ta raina muna ɗiya ba a yi mata kuɗin yarinya. A raba hatsin Kalfu da ita."

Haka aka yi. Duk buhun da ya zo daga rumbun kakanmu na ƙauyen Kalfu sai an auna mata rabonta, jikokin kuma aka kawo su gidanmu. Tuwo ya koma na dare kaɗai, da rana garin rogo muke jiƙawa, mu haɗu a kwano guda. Babanmu ya daina shan shayi.

Yanzu 'yata na kukan tsadar gidan raino, masu raino na kukan ƙarancin lada, ana ciniki kamar a kasuwa. Inna Fadimata a gidanmu ta tsufa, Sani ne ya sa ta a kabari. Har yau ban san abin da zai biya ta ba.